Igiyar Rijiyar Baba a Ajina

Mahaifina mai haƙar rijiya ne, kuma na daɗe ina jin kunyar faɗin haka. A zangon Sokode, a ƙasar Togo, inda na tashi, iyayen 'yan ajinmu direbobi ne, ko masu kanti, ko fataken goro. Ni kuwa nawa baban da jar ƙasa yake dawowa gida, har cikin kunnuwa. In malami ya tambayi sana'ar uba, sai in ce yana aikin ruwa, in bar shi ya fahimci abin da ya ga dama. Mutumin da ya haƙa rijiyoyi tun daga unguwarmu har Adjengre da Langabou, ban taɓa tsayawa na kalle shi yana aiki ba ko sau ɗaya. Shi ma bai taɓa cewa in zo ba. Ya sa ni makaranta, ya ce in riƙe alƙalami, shi ya riƙe igiya.

Na zama malamin kimiyya, aka tura ni Dapaong, wata makarantar sakandare a bakin gari, daidai inda 'yan babur ke juyawa su koma kasuwa. Abin da nake taƙama da shi a lokacin shi ne zane. Ina da alli kala huɗu a cikin gwangwanin madara, kuma in na zana da'ira a allo sai ka rantse da bakin kofi na zagaye ta. Yara su ce "kai!", ni kuma in yi kamar ban ji ba, alhali kaina ya gama kumbura.

A shekarata ta uku aka kawo mini yara biyu da suka tona mini asiri. Ɗaya yarinya ce makauniya, 'yar zango, uwarta na sayar da fura a babbar kasuwa. Ta gama firamare a makarantar makafi, tana rubutu da ɗan allon ƙarfe da tsinke, kana jin ƙararsa ƙyas-ƙyas har bayan aji. Ɗayan yaro ne ɗan ƙabilar Moba, ɗan manoma, wanda sanƙarau ya tafi da jinsa yana ɗan shekara takwas. Leɓen mutum yake karantawa. Ni kuwa rabin darasi ƙeyata nake nuna wa aji, ina hira da allo. Ita tana samun maganata babu zane, shi yana samun zanena babu magana, ni kuma ina komawa gida ina ganin na koyar.

Yarinyar a kan gwaji aka karɓe ta. Shugaban makarantar, wanda muke kira direkta, ya faɗa a gaban uwarta cewa za a duba ta zuwa hutun Ista. In tana bin kowane darasi, ta zauna. In akwai wanda ba ta iya bi, to sai haƙuri. Makarantar makafin kuwa a firamare ta tsaya, don haka haƙurin nan ma'anarsa gida. Direktan ba mugu ba ne, tsoro ne da shi. Yana cewa jarrabawar ƙarshe cike take da zane-zane, gara a faɗa wa mutane gaskiya da wuri.

A tarihi da Faransanci yarinyar nan ta hana kowa sakat. Darasi ɗaya ne ba ta da maki a ciki, nawa. Da muka iso babin ƙananan na'urori, wato sandar ɗaga nauyi, da gangare, da puli, ƙaramar ƙafar nan mai kwari da igiya ke bi ta ciki, sai na ce mata ta huta. A gurbin makinta na rubuta cewa an ɗauke mata. Wallahi tausayi na ɗauka na yi. Ban lura cewa gurbin nan da na bari babu maki shi ne ainihin abin da direkta zai nuna wa uwarta ba.

Akwai wata malama da ke zagaya makarantu a kan babur tana fassara mana rubutun makafi. Ita ta zo ta same ni a ofishin malamai da takardar yarinyar, ta ce bari ta karanta mini darasina kamar yadda ya isa kunnen ɗalibata. Ta ɗora yatsa ta fara: "Wannan ya ja wancan. Sai nan ya tashi. Kun gani? In aka matso da wannan nan, sai can ya yi sauƙi. Kun gani ko?" Shafi guda cur, babu sunan abu ko ɗaya. Sauran malamai suka yi ta dariya, ni ma na yi, amma kunnuwana sun yi zafi. A ƙasan shafin yarinyar ta ƙara layi ɗaya nata, ta kira ni Misye, yadda yara ke kiran malami da Faransanci: "A tambayi Misye ko su wane ne wannan da wancan."

Da wannan kunyar na tafi Sokode hutun Disamba. Wata safiya muna shan koko a tsakar gida, na kwashe labarin na faɗa wa Baba. Ba shawara nake nema ba, so nake a tausaya mini. Ya daina sauka rijiya a lokacin, gwiwoyi sun ƙi. Ya saurara har na gama, ya ajiye ludayi.

"Yarinyan, hannunshi ma ya mutu ne?" in ji shi, da Hausarsa ta zango.

Na ce a'a, idanu ne kawai.

"To ku 'yan lakwal, da ido kuke jan guga?" in ji shi, yana nufin mu 'yan makaranta.

Ya tashi da ƙyar ya ce in biyo shi bakin rijiyar gidanmu. Ya cire rawaninsa ya ɗaure mini idanu, ni malami guda mai gemu, mata suna leƙe daga madafa. Ya sa mini igiya a hannu ya ce in ja, in faɗa masa lokacin da guga ya bar ruwa. Na ji shi kuwa, nauyi ya faɗo mini a kafaɗa tashi ɗaya. Na ji lokacin da gugan ya goga bango, na ji yana juyawa. Shekara talatin da wani abu ina shan ruwan rijiyar nan, ban san igiya tana ba da labari haka ba.

Sannan ya gaya mini yadda suke aiki. Ya ce in rami ya yi zurfi, na ƙasa ba ya ganin komai sosai, in kuma ya yi kira muryarsa tana dagulewa kafin ta iso sama. Saboda haka ba sa dogara da ido ko kunne. In na ƙasa ya fizgi igiya sau ɗaya, tsaya ke nan. Sau biyu, ja. Sau uku, lafiya lau nake. Ya ce da wannan suka yi aiki shi da abokin aikinsa, wani Bakotokoli ɗan asalin yankin, tun ba su iya yaren juna ba, kuma ba a taɓa ciro ɗayansu a sume ba.

Ranar da zan koma, ya shiga ɗaki ya fito da tsohon pulinsa na itacen ƙirya, ya yi baƙi ya yi santsi, tare da igiyarsa a naɗe. Ya sa mini a buhu. Na so in ce akwai irinsa na ƙarfe a Dapaong, sai dai na karɓa. Na rungume buhun a cinya tun daga tasha, muka wuce Kara, muka wuce Mango, fasinjan gefena yana ta tambaya ko akuya ce a ciki.

Da aka koma makaranta na fitar da ajin waje, ƙarƙashin babban mangwaron da ke bayan ofis. Na aro dogon ƙarfen haƙa wurin mai gadi, muka sami wani dutse da ƙarti uku suka kasa motsawa. Na sa yarinyar ta shafa dutsen, ta shafa ƙarfen daga kai har gindi, ta shafa ɗan dutsen da muka sa a ƙarƙashi ya zama matokari. Ta danna can ƙarshen ƙarfen, dutse ya ɗaga. Ta saki, ta matso kusa da matokarin ta sake dannawa, ya ƙi. Ta koma ƙarshe, ta sake gwadawa. A karo na farko babu abin da zan ƙara.

Mun je lambun da ke bayan makaranta, inda wani tsoho ke ban ruwan tumatir da jigo, kowa ya ja ya ji. Mun tura ganga sama a kan katakon da aka jingina, gajere da dogo. Na koya wa bakina kiran kowane abu da sunansa, kuma na koyi juyowa in fuskanci yaron nan kafin in yi magana. Da wuya, don ƙeyata ta saba. In na manta, sai ya buga benci da tafin hannu, ajin ya fashe da dariya. Abin da ban zata ba shi ne manyan samarin bayan aji, waɗanda na yanke wa hukuncin cewa kansu ba ya ja. Su ne suka fi kowa gane inda za a sa matokari, don a gonakin iyayensu kullum suna ɓanɓarar kututture.

Ranar puli na koya wa ajin fizgar igiya irin ta Baba: ɗaya tsaya, biyu ja, uku lafiya lau. Ban faɗi inda na samo ba, na ce wata tsohuwar dabara ce. Na haɗa yarinyar da yaron a igiya ɗaya. Tun farkon shekara suke aji guda, amma ba su taɓa yin magana ba. Ita ba ta ganin hannunsa, shi kuma leɓenta ba ya karantuwa gare shi, don kanta a sunkuye take magana. Ta fizga sau biyu, ya ja. Ta fizga sau ɗaya, ya tsaya cak. Sai ta yi dariya da ƙarfi, irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba.

Bayan darasi ta roƙi in ba ta pulin ta duba. Ta juya shi a hannu, ta bi kwarin da ɗan yatsa, ta sake bi.

"Misye, mai wannan ba ya tsayawa a gaban rijiya," in ji ta. "Ta gefe yake tsayawa kullum. Ji nan, gefe ɗaya ya cinye, ɗayan yana nan."

Na karɓa na duba. Haka ne. Na ɗauko shi tun daga Sokode a cinyata ban gani ba. Da la'asar na kira Baba a waya na tambaye shi.

"Wa ya gaya maka?" ya ce.

Na ce yarinyar.

Ya yi dariya har da tari. Ya ce wanda ke sama ba ya tsayawa a bakin rami. In ya tsaya, zai tare wa na ƙasa ɗan hasken da yake samu, ƙafarsa kuma za ta zubo masa ƙasa a ka. Gefe ake komawa, a riƙe igiya, a jira ta yi magana. Ya ce duk mai haƙa ya san wannan, ba wani ilimi ba ne. Da muka gama waya na zauna a kan dakalin gidan da nake haya, na ji kunyar duk shekarun da na ce yana aikin ruwa. Washegari na gaya wa ajin cewa pulin na mahaifina ne, mai haƙar rijiya ne a Sokode. Babu wanda ya yi dariya. Wani ma cewa ya yi ko zai zo ya haƙa musu a ƙauye.

Muka aro puli na biyu daga rijiyar maƙwabta, muka rataya shi a jikin jarkar ruwa, yadda igiya za ta sauko daga reshe, ta zagaya ta ƙarƙashinsa, ta koma sama ta bi ta na Baba. Kowa ya ja ya ji jarkar ta yi sauƙi, kowa ya ce ikon Allah, suka tsaya nan. Ita kaɗai ta ƙi sakin igiyar. Ta ja, tana aunawa da buɗin hannuwanta, gaba ɗaya, gaba biyu, sannan ta laluba ta ji inda jarkar ta kai. Ta sa aka sauke jarkar, ta sake aunawa. Ban tambaye ta abin da take nema ba.

Malamar babur ce ta shawo kan direkta ya yarda a gwada yarinyar da hannu maimakon zane. Ya ce ya yarda, amma shi zai kawo tambaya, kuma ita za ta haɗa kayan da kanta. Aka sa ranar Laraba, mako guda kafin hutu. Uwarta ta bar furarta wurin maƙwabciya ta zo, ta zauna a kan tushen mangwaron, mayafinta a baki. An kwance komai an zube a ƙasa, puli biyu da igiya da jarka cike da ruwa.

Direkta ya ce tunda dole wani ya hau reshe, ta zaɓi mai taya ta. Ta zaɓi yaron. Direkta ya dube ni ya rage murya, ya ce ɗaya ba ta gani, ɗaya ba ya ji, ko so nake a kwashi wani zuwa asibiti? Na ce a bar su.

Yaron ya hau da pulin Baba da bakin igiya. Ita tana ƙasa, ta ɗaura ɗayan pulin a hannun jarka, ta zura igiya, ta gwada ƙullin da haƙori. Sannan ta fizga sau biyu, ya fara jan rarar igiyar zuwa sama. Daga inda nake na hango abin da ya faru. Garin sauri ya bar igiyar ta zame daga kwarin, ta maƙale tsakanin ƙafar pulin da katakonsa. In ta ja haka, jarkar ba za ta motsa ba, direkta kuma zai rufe littafinsa. Ƙafata ta yi gaba da kanta, taku ɗaya, har na buɗe baki. Sai na tuna gefen nan da ya cinye. Na koma baya, na tsaya inda nake, na haɗa hannuwana a baya don kada su ci amanata.

Ta ɗan ja kaɗan, ta tsaya. Ta sake ja a hankali, kanta a karkace. Sai ta fizga sau ɗaya, da ƙarfi. Yaron ya tsaya. Ya leƙo ƙasa, bai ga matsala ba, ya duba ƙullin reshe, lafiya. Ta sake fizga sau ɗaya. Sai ya duba pulin, ya gani, ya daki goshinsa, ya mayar da igiyar cikin kwarinta. Ta gwada, ta ji tana gudu, ta fizga sau biyu, ya ƙarasa jan rarar igiyar. Ya sauko. Ta ja da hannu ɗaya, jarkar ta tashi tana lilo har ta wuce kan direkta.

Ya gyara tabarau. Ya ce to, ta ɗaga. Amma jarkar nan ɗazu da hannu biyu ake ɗaukarta, yanzu da ɗaya. Ina sauran nauyin ya tafi?

"Bai tafi ko'ina ba, Misye direkta," in ji ta. "Igiya biyu ne ke riƙe da jarkar, reshe ya ɗauki rabi, ni na ɗauki rabi. Amma ba kyauta ba ne. In ina so ta tashi tsawon gaba guda, sai na ja igiya gaba biyu. Na auna. In kana so ka auna, ga ta."

Ta miƙa masa igiyar. Shi kuwa, Allah ya saka masa, ya ajiye littafi ya karɓa. Ya sauke jarkar, ya ja, yana aunawa da hannuwansa a gaban yara, rigarsa ta fita daga wando. Gaba biyu. Ya tsaya yana kallon igiyar, sannan ya tambaye ni a wane shafi na koya mata wannan. Na ce ban kai ga koya mata ba tukuna.

Na sha godiya a aikin nan, daga iyaye da ɗalibai, amma ranar ni ne mai godiyar, kuma ban san ta inda zan fara ba. Ga malamar da ta karanta mini wautata a bainar jama'a. Ga yarinyar da na ce ta huta ta ƙi. Ga tsohon da ke zaune a Sokode da gwiwoyi masu ciwo, wanda bai taɓa shiga aji ba, amma darasin da ya fi kowanne kyau a rayuwata da kayan aikinsa aka yi shi.

Direkta ya juya wurin uwar, ya yi mata magana da Hausarsa ta kasuwa.

"Mama, yarinya naki zai zauna. Kawo shi bayan hutu."

Matar ta saki mayafin ta rufe fuska da hannu biyu. Ajin ya kaure da ihu, samarin baya suna buga jarka. Yaron kuwa yana tsaye a gindin bishiya, riƙe da ɗaya bakin igiyar da aka kwance, yana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Direkta ya ba shi baya lokacin da ya yi magana, don haka bai karanta komai ba. Ya ga uwar tana kuka, ya ga ana tsalle, bai san wanne zai gaskata ba. Duk cikinmu masu ido babu wanda ya lura da shi, har ni.

Ita ce ta sunkuya ta laluba ƙasa har ta sami igiyar. Ta ja ta a hankali sai da ta ji ta miƙe, ta tabbata akwai hannu a can ƙarshen. Sannan ta fizga sau uku.

Ya dubi igiyar a hannunsa, ya dube ta. Ya goge ido da kafaɗa, ya mayar mata da uku.